Gyaɗata Ba Gurguwa Ba Ce

Zuwa ga 'yata Hajara, wadda bakina bai iya kira da komai ba sai Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Kano lafiya, kin kuma tarar da goggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa kin shiga birnin da ƙafar dama, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya sa aikin da kika je yi ya zame miki alheri. Mu a nan sai godiya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan innarki ta fi ni iyawa, kuma na san kuna yi a waya. Na zaɓi takarda ne domin maganar da ke bakina tana da tsawo, ni kuwa idan na kara waya a kunne sai in ji kamar ana kora ta, in faɗi rabi in haɗiye rabi. Na ba Sani direba ya kawo miki hannu da hannu, saboda ina so ki karanta kafin ranar Alhamis, ranar da kika ce za a fara sa shirinki na sharhin fina-finai a gidan rediyon da ya ɗauke ki aiki.

Kin tuna ana gobe za ki tafi kin zauna a zaure kin karanta mini sharhinki na farko, wanda kika yi a kan tsohon wasan nan na masu sayen gyaɗa, wanda samarin Kano suka sake shiryawa. Na saurara ina gyaɗa kai, na ce miki ya yi. Hausarki ta yi kyau, wannan har gobe ina kan bakana. Amma a tsakiyar sharhin akwai magana wadda ba gaskiya ba ce, kuma daga bakina kika ɗauke ta. Idan kika karanta ta ranar Alhamis, za ki fara aikinki da ɗora wa bayin Allah laifin da ba su yi ba, a gaban duk mai rediyo. Shi ne dalilin wannan takarda.

Bari in fara daga tushe, ko da kin sha jin wani sashe.

Ina sabon malami a firamaren garinmu hukuma ta kawo mana akwatin talabijin guda ɗaya, mai hoto baƙi da fari. Aka ajiye shi a rumfar ƙofar gidan mai gari, da ɗan injinsa, aka ɗaure eriyarsa a kan wata doguwar gora. Ranar da ake sa wasan, ana idar da sallar magariba kowa sai ya nufo rumfar da tabarmarsa. Manya a tsakiya, yara a gaba, mata kuwa suna bayan darni suna saurare, wadda ta sami kafa ta leƙa.

Wasan a kan wani ƙauye ne irin namu, a zamanin da gyaɗa take da daraja. Akwai wani Alhaji mai saye, wanda idan an ɗora buhu a sikeli sai ya zura babban yatsan ƙafarsa a ƙarƙashin farantin ya ɗan ɗaga, buhun ya rage nauyi. Ranar nan wata tsohuwa ta kawo 'yar gyaɗarta, ta lura da yatsan. Abin da na rayu ina ba mutane labari shi ne, tsohuwar ta dube shi ta ce, "Alhaji, gyaɗata ba gurguwa ba ce, bar tallafe ta."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai gari da kansa sai da rawaninsa ya karkace. Daga nan maganar ta shiga bakin garin ba ta sake fita ba. Mai awo ya lanƙwasa hannu a cikin mudu, a ce masa gyaɗata ba gurguwa ba ce. Ɗan siyasa ya zo da alkawarin da aka san inda zai ƙare, a faɗa masa. Innarki ma ta sha jefa mini ita idan na zauna taya ta ɓarar gyaɗa, ta ga abin da ke shiga bakina ya fi wanda ke shiga ƙwarya. Ke kanki da ita kika tashi, tun ba ki san daga inda ta fito ba.

To, da sabon wasan ya fito kika kawo mini shi a wayarki bayan la'asar. Na ga launi, na ga hoto tangaram, na zauna ina jiran wurin sikeli. Aka zo wurin, tsohuwar ta dubi ƙafar Alhaji, ta yi ta dubanta, ba ta ce uffan ba. Kin ga yadda na miƙe na kakkaɓe riga. Na ce miki yaran nan sun yanka wasan sun zubar da ransa, sun kawo mana fatar. Kika ji daɗin maganar, kika sa ta a sharhinki, kika ƙara da cewa wanda ya kasa gane darajar wannan jimla bai cancanci ya taɓa aikin magabata ba.

Bayan tafiyarki na je gai da Garba Mai-Faci. Kin san shi, wanda yake gyaran kekuna a bakin kasuwa kafin idonsa ya yi rauni, yanzu yana wuni a gindin darbejiyar ƙofar shagon ɗansa. Muka gaisa, ya tambayi labarinki, na ce kin tafi birni za ki riƙa auna fina-finai a rediyo. Daga nan na shiga kai masa ƙarar yaran zamani, na ce har maganar tsohuwa sun cire. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo masa ruwa.

Da ya sami numfashi sai ya ce, "Malam, ai ni ne tsohuwar."

Na ce ban gane ba. Ya tuna mini cewa shi ne mai zama a baya, a gindin gorar eriya, domin idan iska ta kaɗa ta sauti yakan ɗauke, sai ya tashi ya murza ta har ya dawo. Ya ce ranar nan daidai wurin sikeli sautin ya tafi, shi kuma maimakon ya tashi, sai shaiɗan ya raya masa ya maƙale murya irin ta tsofaffi ya faɗi maganar. Kowa idonsa yana kan akwati, duhu ya fara, dariya ta ɓarke, kafin a natsu an wuce wurin. Na ce masa tsufa ne ya fara sa shi cin gadon da ba nasa ba. Ya ce tun a makon ya gaya wa mutum biyu ko uku, suka ce ya cika son a san shi, shi ya sa ya bar wa tsohuwar kayanta. Sannan ya sake maƙale muryar a gabana ya faɗi jimlar. Uwata, muryar da na ji a rumfar mai gari ce, ba ta canja ba sai ɗan rawar shekaru.

Duk da haka ban sallama ba. Ran kasuwar Makoda na gamu da Alhaji Ubale, abokin karatuna a kwalejin horon malamai, mutumin wajen Gezawa, ya zo sayen dawa. Na ja shi gefe, ban nuna masa inda na dosa ba, na ce ya tuna mini yadda aka yi a wurin sikeli. Ya ce ai wannan ba ya mantuwa: tsohuwar ba ta yi magana ba, ƙafar kawai ta zuba wa ido har Alhaji ya janye ta da kansa yana gyaran murya. Ya ce su a garinsu har yau idan mutum ya kama wani da rashin gaskiya bai tona shi ba, sai a ce ya yi masa kallon tsohuwa. Da na faɗa masa jimlarmu ya ji daɗinta ƙwarai, ya ce bai taɓa jin ta ba.

Kin ga ke nan wurin da na fi zagin yaran nan shi ne wurin da suka fi riƙe amanar tsohon wasan. Shirun da na kira yankan rai, shi ne ainihin abin da magabatan suka yi.

Ban ji ɓacin rai ba kamar yadda na zata. Na dawo gida a bayan babur ina murmushi ni kaɗai, domin na gane abin da na daɗe ina ƙauna ba wasan ne kaɗai ba. Akwai tabarmar a ciki, da ƙamshin hayaƙin injin, da abokan da yawancinsu yanzu suna ƙasa, da gwiwoyina na lokacin waɗanda nake naɗewa in daɗe ban ji komai ba. Duk na tattara na zuba a cikin akwatin, na ce wasa ne. Wanda ya zo sabunta wasan ba shi da hanyar dawo mini da waɗannan, ko da ya fi kowa gwaninta, kuma zalunci ne in tuhume shi da rashinsu.

Saboda haka ga shawarata ta farko. Aikinki zai riƙa haɗa ki da irina kullum, domin yanzu an shiga yayin tono tsofaffin wasanni ana sake su. Dattijo zai ce miki a da an yi kaza, yanzu an cire. Ki saurare shi da ladabi, ki karɓi maganarsa a matsayin shaidar abin da ya ji a ransa, amma kada ki karɓe ta a matsayin shaidar abin da aka nuna. Kafin ki ce an cire, ki ga tsohon da idonki. Ki tambayi manyanki a wurin aiki ko akwai inda aka adana tsohon kaset ɗin wannan wasa, ko wani daga cikin waɗanda suka yi shi da ya rage. Ni na yi kuskure, Garba zai iya ƙari, Alhaji Ubale ma mutum ne. Idan kin nema ba ki samu ba, ki gaya wa masu sauraro ba ki samu ba. Faɗin haka ba ya rage wa mai sharhi daraja.

Kuskurena na biyu a gabanki na yi shi, wato tashin da na yi wasan bai kai ko rabi ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina hana ɗalibai amsa tambaya kafin su karanta ta har ƙarshe. Da na ba innarki labarin Garba, sai da ta gama dariyarta, sannan ta ɗauko wayarta, ashe ita ta daɗe da kallon sabon wasan duka. Ta miƙo mini ta ce, "Ga shi, Malam, ka ga wanda ka riga ka yanke wa hukunci, ko ka san kamanninsa."

Na zauna na kalle shi kashi bayan kashi, kullum bayan la'asar, har ya ƙare. Na ga abubuwan da suka burge ni. A tsohon wasan, tsohuwar ba ta da suna ba ta da gida, ta zo ta wuce ne kawai. A sabon an ba ta ɗaki da awaki da 'yar da take aure a wani gari, har mutum ya san abin da rabin buhun nan yake nufi a wurinta. Ƙarshen ma sun sake shi. A da 'yan doka ne suka zo suka tafi da Alhaji, muka tafa muka watse. Yanzu manoman ne suka haɗa kai suka sayi sikelinsu, Alhaji yana zaune a rumfarsa yana kallon buhuna suna wuce shi. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ina ganin ya fi na da kama da yadda duniya take gyaruwa idan za ta gyaru. Da na tsaya a kan fushina, da ban ga ko ɗaya ba. Kada ki taɓa yin sharhin abin da ba ki kai ƙarshensa ba, kuma idan ya ba ki haushi a kallon farko, ki kwana ki sake.

Amma kada ki ɗauka ina cewa ki juya sharhin ya koma yabo zalla. Sabon wasan yana da laifuffukansa na gaskiya, waɗanda ke 'yar manoma kin fi 'yan birni ganinsu. Ana cinikin gyaɗa, abin da kowa ya san sai da kaka, amma a bayan masu cinikin ga gero kore shar bai wuce gwiwa ba. Wanda aka ce shi ne babban manomin garin yana riƙe da fartanya kamar an ba shi jaririn wani ya riƙe, ga farar shadda ta sha guga a tsakiyar kunya. Tsohuwar kuma, duk da ta iya kallo, tafin hannunta bai taɓa sanin taɓarya ba. Waɗannan ki faɗe su. Wasan a kan manoma ne, kuma manoma za su kalla.

Ina jaddada wannan ne domin na taɓa yin kuskure ta wancan gefen ma. Lokacin ina shugaban makaranta, wani sabon malami mai suna Malam Habu ya ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo da na taɓa shirya wa ɗalibai tun ina saurayi, ya sake shi don bikin ƙarshen shekara. Ya yi ƙoƙari, ya ƙara waƙa, ya gyara wuraren da ni kaina na san sun yi tsawo. Sai dai ya tsayar da yaran suna fuskantar juna, sun ba jama'a baya, ba a jin abin da suke faɗa daga layi na uku. Da aka tashi ya zo yana tambayar yadda na gani. Na ji tsoron kada a ce tsoho yana kishin an taɓa kayansa, sai na ce madalla, babu abin gyara. Shekara ta zagayo ya maimaita shi haka a gaban baƙi daga ƙaramar hukuma, mutane suka gaji da miƙa wuya suka shiga hirarsu, yara suna wasa babu mai saurare. Da ya gane dalili ya same ni a ofis, cikin ladabi, ya ce da na gaya masa bara da ya gyara cikin yini ɗaya. Kawaici abu ne mai kyau a zaman gida, amma wanda aka tambaya ra'ayinsa a kan aiki ya yi kawaici, ya bar mai aikin ne ya faɗa rami a gaba. Ki faɗi laifi a fili, ki faɗi inda yake, ki faɗe shi yadda mai aikin zai iya gyarawa, ba yadda zai ji kunyar fita kasuwa ba.

Akwai wani abu kuma da nake hango miki. Idan kika caccaki sabon abu, tsofaffi irina za su yi ta kiran waya suna sa miki albarka, suna cewa ga yarinya mai hankalin manya. Wannan yabo yana da zaƙi, kuma samunsa ba wuya, abin da ake bukata kawai ki ce na da ya fi. Idan kika saba da shi, za ki wayi gari kin daina kallo, kin koma faɗa mana abin da muke son ji. Mu kuwa abin da muke so a ce mana shi ne ƙuruciyarmu ta fi ta kowa, kuma wannan ba aikin gidan rediyo ba ne. Samarin da suka yi wasan nan su ma 'ya'yan wasu ne, wataƙila akwai uban da ya zauna a zaure yana jiran ya ji abin da za a ce game da aikin ɗansa, kamar yadda zan zauna ina jiran naki.

Yanzu sai abin da za ki yi da sharhin. Wannan naki ne, ba zan riƙe miki alƙalami ba. Za ki iya cire sakin layin gaba ɗaya, babu wanda zai san ya taɓa zama a wurin. Za ki iya kuma ba da labarin yadda yake, idan kin tabbatar da shi, domin ina ganin akwai darasi a ciki ga duk mai cewa an ɓata masa wasan ƙuruciyarsa. Idan kin zaɓi haka, kada ki ɓoye ni, ki ce mahaifinki ne ya ba ki labarin da bai tantance ba. Na koma wurin Garba na tambaye shi ko ya yarda a ambace shi. Ya gyara zama ya ce ya yarda, da sharaɗin a faɗi sunansa cikakke har da Mai-Faci, kada a ce wani dattijo, kuma a ce yana nan da ransa, don kada mutanen nesa su fara yi masa addu'ar mamata.

Saura magana ɗaya, ita ce ta mutanen gari. Laifina ne, tun kafin ki tafi na riga na cika baki a majalisarmu ta ƙofar masallaci cewa ranar Alhamis 'yata za ta ƙwato wa tsohuwa maganarta. Liman ya ce zai fito da babbar rediyonsa, mai shayi ya ce zai ƙaro benci. Suna jiran su ji kin rama musu. Duk wanda kika zaɓa cikin biyun nan, ba za su ji abin da suke jira ba, kuma na san garinmu, kafin a yi sallar isha'i an ce daga zuwa birni kin fara ƙaryata iyayenki. Wannan ba kayanki ba ne, ba zan bari ki ɗauka ba. Ranar Laraba bayan la'asar zan riƙo hannun Garba in kawo shi majalisa, in faɗa musu da bakina, shi kuma ya yi musu muryar. Za su yi mini dariya, Liman zai fi kowa, wataƙila a shekara ana yi. Na yi wa mutane dariya da yawa a rayuwata, ba laifi in zauna a yi mini, kuma a shekaruna samun abin da zai sa tsofaffin abokai su yi dariya tare ba ƙaramin rabo ba ne. Ke dai ki shiga ɗakin shirin da zuciya sakayau, ki faɗi abin da kika gani.

Ki gai da goggonki da maigidanta, ki riƙa taya ta aiki kafin ki fita. Ki kula da sallarki a kan lokaci, ki dawo gida kafin duhu. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya daidaita harshenki a kan gaskiya, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana sa miki albarka, ni ma haka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Isyaku